Salansa ba ta son a ɗaure ta tamau

Mai mota da ya sayo sabuwar salansa ya kwanta ƙarƙashin motarsa da sifana, hannunsa kan yi ƙaiƙayin ɗaure kowane noti da zarar ya sa shi. Daga nan ɓarna ke farawa.

Salansa rataye take, ba kafe ba. Inji yana jijjiga a kan mazauninsa, shi ya sa aka rataye bututun da robobi don ya riƙa bin motsin. Ga kuma zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kimanin milimita 1.2 duk lokacin da zafinsa ya hau da digiri 100. Ke nan bututu mai mita 3 da ya ɗau ƙarin digiri 300 zai miƙe da kusan santimita 1. In an matse shi ba wurin miƙewa, sai ya nemi hanya da kansa: ya tsage a bakin walda, ko ya cinye gasket, ko ya yaga roba.

Don haka a haɗa komai sakwa-sakwa tukuna, daga bakin inji har wutsiya. A duba robobin: kowace ta ɗauki nauyi daidai, kada wata ta miƙe kamar za ta tsinke wata kuma tana lilo a banza. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin bututu da jikin mota, a nisanta shi da tankin mai da layin birki. Sai a fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya. Mahaɗar da sai an danna da ƙarfi kafin ta zauna, ba ta zauna ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dabarar wasu masu walda: roba ta tsinke, sai su liƙa salansa da jikin mota da guntun rodi. Ƙara ta tafi yau, tsagewa na tafe.

Tsagewar kuwa ba ƙara kaɗai take kawowa ba. Hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. In ta sulalo cikin mota mai rufaffen gilashi, direba zai fara da ciwon kai da gyangyaɗi.

Kada a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, a tokare ta. Bayan an gama a tada inji a fili, ba cikin gareji ba, a saurari huci a kowace mahaɗa. In an yi tafiya ƙarfen ya huce, a sake bin notocin.