Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Risho Mai Famfo

A kasuwannin tsofaffin kaya na intanet irin su eBay, ana iya ganin risho biyu na tagulla masu kama ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Yawanci shekarar ƙira ce ke kawo wannan bambanci. Masu tara tsofaffin rishon zango, wato waɗanda matafiya da masu hawan duwatsu ke ɗauka a jaka, sun daɗe da sanin cewa ba a karanta shekarun risho daga tsatsa ko baƙin hayaƙi. Gindin tanki suke fara dubawa.

Wannan risho ya sha bamban da mai lagwani da aka saba gani a gidaje. Ba shi da lagwani ko ɗaya. Ana zuba kananzir a tanki, a kunna ɗan sipirit a wani ƙaramin kofi da ke ƙarƙashin kan rishon domin ƙarfen ya yi zafi, sannan a buga famfo. Iskar da aka matsa a tanki sai ta tura kananzir sama ta cikin bututu mai zafi, ya koma tururi, ya fito ta wata 'yar kafa mai kamar bakin allura, ya gauraya da iska ya kama da wuta shuɗiya marar hayaƙi. Frans Wilhelm Lindqvist ne ya fito da wannan tsari a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1892, ya haɗa gwiwa da J.V. Svenson wajen ƙerawa, kamfanin B.A. Hjorth kuma ya ɗauki nauyin sayarwa. Sunan da suka sa masa shi ne Primus. Da irinsa Roald Amundsen ya je ƙuryar kudancin duniya a 1911, da shi kuma aka yi girki a tafiyar da ta kai Edmund Hillary da Tenzing Norgay ƙololuwar Dutsen Everest a 1953.

Harafin da ke gindin tanki

Primus ya sauƙaƙa wa masu tarawa aiki fiye da sauran kamfanonin Suwidin. Daga 1911 ya fara buga harafi a gindin tanki, kowace shekara da nata. A na nufin 1911, B na nufin 1912, haka ake tafiya. Sai dai an tsallake harafin Q, kuma a nan ne masu ƙirga da yatsu ke yin kuskuren shekara guda: P ita ce 1926, R kuma 1927. Da haka Z ta faɗo a 1935. Daga 1936 aka koma haruffa biyu, AA, sai AB a 1937, har zuwa AU a 1955. Sau da yawa akan ga wata lamba kusa da harafin. Wannan lamba ba shekara ba ce, don haka wanda ya ga 12 ya ce rishon na 1912 ne ya yi kuskure.

Abin da ya fi jawo asarar kuɗi shi ne tankin da ba shi da harafi. Mai sayarwa na iya cewa tunda babu harafi, an ƙera shi kafin 1911. Hakan na iya zama gaskiya, amma akwai wasu hanyoyi biyu da tanki ke rasa harafi. Bayan tsakiyar shekarun 1950 an bar wancan tsari, sannan a 1962 kamfanin Optimus ya karɓi ikon amfani da sunan Primus a kan rishon kananzir. Saboda haka tanki marar harafi na iya zama ɗan shekarun 1960. Hanya ta biyu kuwa hannun mutane ce: wani ya yi ta goge tagullar da sanfefa ko injin goge ƙarfe don ta yi ƙyalli, har tambarin ya shafe.

A irin wannan hali sai a koma ga sunan kamfanin da ke jikin tankin. B.A. Hjorth ya sauya suna zuwa Bahco a 1954. Duk tankin da ke ɗauke da sunan Bahco ba zai zama na zamanin yaƙin duniya ba, komai tsufan da ya nuna. Rubutun Larabci ko na Rashanci da ake gani a jikin tankuna da yawa kuwa ba ya nufin a can aka ƙera su. Kayan fitarwa ne zuwa kasuwannin duniya, shi ya sa aka rubuta sunan da harsuna daban-daban.

Tanki daban, kai daban

Harafin yana faɗin shekarar tanki ne kawai. Kan risho, wato wurin da wuta ke fita, abu ne da ke ƙonewa ya toshe, kuma da zare ake ɗaura shi, don haka mai gyara na iya cire shi ya sa wani cikin 'yan mintuna. Haka murfin tanki da sandar famfo da zoben da ake ɗora tukunya. Kamfanonin Suwidin irin su Primus da Optimus da Svea da Radius sun yi kayayyaki masu kama da juna sosai, har sassan wani kan shiga jikin wani. Risho da ya yi shekara talatin yana aiki a ɗakin girki da wuya a same shi da dukkan sassansa na asali.

Kai iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai ruri, wanda ƙararsa ke cika ɗaki kuma yake jure wa iska, shi ne a kan Primus mai lamba 1. Akwai marar ƙara, mai hula da ƙananan huji kewaye da ita, shi ne a kan mai lamba 5. Idan tanki ya ce lamba 5 amma kan mai ruri ne, an sauya shi. Wannan ba aibi ba ne ga mai neman abin dafa shayi, amma bai kamata a biya shi kuɗin wanda ba a taɓa ba.

Sauran kamfanoni

Coleman na Amurka, wanda ya tashi a garin Wichita na jihar Kansas, ya fi kowa fitowa fili. A yawancin kayansa masu tanki a ƙasa, irin su risho mai lamba 502, wata da shekara ne ake bugawa da lambobi a gindi. Wanda ya ga 6 da 68, watan Yuni ne na 1968.

Optimus, da aka kafa a 1899, bai bi tsarin harafin shekara irin na Primus ba. Masu tarawa kan kwatanta rishonsa da tsofaffin kundayen tallan kamfanin, su duba siffar tambari da murfi da akwatin gwangwanin da ya zo a ciki. Abin da ake samu a nan tazarar shekaru ce, kamar a ce daga shekara kaza zuwa kaza. Svea 123, ƙaramin rishon da masu hawan dutse ke ƙauna, misali ne mai sauƙi. Kamfanin Sievert ne ya fito da shi a 1955, Optimus ya sayi sunan Svea a 1969, daga baya aka fito da 123R mai allurar share kafa a cikinsa. Wanda ke ɗauke da sunan Sievert ya girmi mai allurar ciki.

Kafin a kunna

Sanin lamba da shekara yana da amfanin da ya wuce farashi, domin da shi ake sanin man da rishon ke sha. Primus 1 da 5 na kananzir ne. Ana kashe su ta hanyar kwance wani ɗan kusa da ke sakin iskar tanki, a daidai gefen wutar. Idan fetur aka zuba, abin da zai fito daga wannan kusa tururin fetur ne, kuma nan take zai kama. Svea 123 kuwa an yi shi ne don tataccen fetur, ba shi da famfo, zafin wutarsa ne ke matsa tankin, kuma murfinsa na da bawul ɗin kariya da dole ya kasance yana aiki.

Tagulla na iya kai shekara ɗari ba ta lalace ba, amma fatar famfo da robar murfi ba sa kaiwa. Fatar takan bushe, a jiƙa ta da mai ko a sauya ta. Robar takan taurare ta tsage. Akwai kuma ɗan bawul a ƙarshen bututun famfo da ke hana kananzir dawowa, idan ya lalace sai man ya biyo sandar famfo ya fito kusa da wuta. Masu tarawa kan gwada tankin babu mai a ciki: su toshe kafar, su buga famfo, su nutsa shi a ruwa su duba ko kumfa na fita. Kunnawar farko a waje ake yin ta, nesa da labule da tabarma, kuma ko lafiyayyen risho ba a barinsa yana ci a rufaffen ɗaki ko cikin tanti saboda iskar guba marar wari da yake fitarwa.