Dawowar Ahmed Musa ta Biyu

Daren 11 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na kofin Afirka, gidan kallon ƙwallon unguwarmu a Kafanchan ya cika har bakin ƙofa. Janareta na ta ruri a bayan ɗaki, yara sun ɗare taga, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta ya leƙo. Duk sa'ad da kyamara ta haska bencin Super Eagles sai a hango Ahmed Musa zaune cikin 'yan canji. Shi ne kyaftin, kuma babu wanda ya kai shi yawan buga wa ƙasar wasa, amma har aka tashi gasar koci José Peseiro bai sa shi ko na minti ɗaya ba. Aka ci mu 2 da 1. Muna fitowa wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, yaron nan tasa ta ƙare." Na ce, "Haka ne, Baba."

Mu a nan kallon ɗan gida muke yi masa. A Jos aka haife shi a 1992, kuma daga Kafanchan mutum kan je Jos da safe ya kwana a gidansa. Mahaifinsa Musulmi ne, mahaifiyarsa Kirista 'yar jihar Edo, irin gidan da duk ɗan kudancin Kaduna ya san kamarsa. Yana ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, daga nan Turai ta ɗauke shi: Holan, CSKA ta Mosko, sai Leicester a Ingila. Ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya ƙara wa Aisilan biyu a 2018.

Dawowarsa ta farko gida ba ta yi armashi ba. Bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya ya yi watanni ba ƙungiya, sai ya sa hannu da Pillars a Afrilun 2021. Lokacin ƙungiyar ma zaman aro take yi, a filin Ahmadu Bello na Kaduna take karɓar baƙi. Ya buga 'yan wasanni, kafin damina ta ɗauke ya wuce Turkiyya. Mutane suka ce ya zo shan inuwa ne kafin motarsa ta iso, kuma ban ga laifin masu faɗar haka ba.

Bayan tafiyarsa ne rufi ya rufta wa Pillars, Sai Masu Gida. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, ita ce a 2022 aka zabtare wa maki saboda rikici a fili, ta gangara rukunin 'yan dagaji. Dole a ambaci Rabi'u Ali a nan, wanda Kanawa ke kira Pele. Ya haura shekara 40, yana da uzurin rataye takalmi ba mai cewa uffan, amma ya bi ƙungiyar ƙasa, ya sha ƙurar ƙananan filaye tare da yaran da ya isa ya haifa, har suka hauro a 2023. A ganina, ba don irinsa ba da Musa bai tarar da gidan da zai koma ba.

Musa kuwa, bayan gasar kofin Afirka sai ya sake zama ba ƙungiya, domin sun raba gari da Sivasspor ta Turkiyya. Ga kuɗi, ga suna, ga harkokin kasuwanci. Wa zai bar wannan hutu ya koma gasar da ake yini a mota kafin a isa filin abokan hamayya, a tarar da ciyawa tsilli-tsilli da 'yan kallo masu zafin kai?

Shi ya koma. Ranar 6 ga Oktoban 2024, saura mako guda ya cika 32, ya fito da rigar Pillars a karawa da Sunshine Stars. Aka tashi 2 da nema, duka biyun shi ya ci. A gidan kallonmu, inda ba a san komai ba sai Arsenal da Chelsea, ranar na ga samari sun yi cincirindo kan waya guda suna maimaita ƙwallayen. Wannan karon bai gudu ba. Ya buga kakar har ƙarshenta, shi da Pele da Shehu Abdullahi, wani tsohon ɗan Super Eagles da suka dawo lokaci guda, kuma Pillars ta tsaya daram a firimiya. A Mayun 2025 sabon koci Eric Chelle ya sake kiransa tawagar ƙasa don wasannin da aka yi a Landan.

Na haɗu da dattijon nan a bakin tashar jirgin ƙasa na tuna masa maganarsa. Ya yi dariya ya ce ai tare muka faɗa.

A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa janar manajan Kano Pillars. Ya karɓi ofis, ya kuma ci gaba da shiga fili yana murza leda.