Dandeson Crowther, Babban Dikon na Bonny, da Gidan da Ya Fito

Duk wanda ya karanta tarihin Ikko da Saliyo ya san Samuel Ajayi Crowther, bawan da ya zama bishop, ya kuma san jikansa Herbert Macaulay, wanda hotonsa ke jikin kwabon naira ɗaya. Amma tsakanin kakan da jikan akwai mutum guda wanda marubuta suka saba tsallakewa, alhali kuwa shi ne ya ɗauki nauyin da ya fi kowanne wuya a wannan zuri'a. Sunansa Dandeson Coates Crowther.

Nasabarsa ta faro ne daga musiba. A 1821 mahara, cikinsu har da Musulmin Oyo da Fulani, suka faɗa wa garin Osogun a ƙasar Yarabawa, suka kama yaro Ajayi da uwarsa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa wa fataken bayi na Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Saliyo, inda aka yi masa baftisma a 1825, ya auri Asano, wadda ita ma 'yantacciya ce, aka sa mata suna Susan. Uwarsa Afala kuwa, bai sake sa ta a ido ba sai a Abekuta a 1846, bayan shekara 25 da rabuwa. A gidan Ajayi da Susan aka haifi Dandeson a 1844. 'Yar'uwarsa Abigail ta auri Thomas Babington Macaulay, wanda ya kafa makarantar sakandare ta mishan a Ikko a 1859, kuma su ne iyayen Herbert.

Dandeson ya tashi yana rubuta wa ubansa wasiƙu, yana kuma bin sa cikin jirgin ruwa a kan Kwara, kuma a irin wannan tafiya ce, a 1867, wani basarake mai suna Abokko ya tsare su su biyu a kusa da Idah, ya ƙwace kayansu, ya nemi fansar fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila, William Fell, ya zo daga Lokoja ya kuɓutar da su, amma suna gudu zuwa jirgi kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu. Saurayin da ya ga haka da idonsa yana ɗan shekara 23, sa'an nan bai nemi aikin akawu a Ikko ya huta ba, lalle ba ƙaramin mutum ba ne.

A 1870, a Islington cikin birnin Landan, uban da kansa ya ɗora masa hannu ya naɗa shi dikon. Ga wanda bai san tsarin majami'ar Angilika ba, darajojinta uku ne: dikon shi ne matakin farko, yana wa'azi, yana karanta Linjila ga jama'a, yana kula da miskinai, amma ba ya tsarkake jibin Ubangiji, sama da shi firist, sama da firist bishop. Babban dikon kuwa firist ne da bishop ya wakilta a kan lardi guda, tamkar hakimi a ƙarƙashin sarki, kuma wannan muƙami ne Dandeson ya samu kafin shekarun 1870 su ƙare, bayan an tura shi Bonny, garin fataken manja da ke bakin teku, inda Sarki William Dappa Pepple ya gayyato mishan tun 1864. Mafi yawan waɗanda suka fara bin mishan a Bonny bayin manyan gidaje ne, kuma da suka ƙi cin naman yankan tsafi, suka ƙi tuƙa kwalekwale ranar Lahadi, iyayengijinsu suka far musu da azaba, har aka kashe ɗaya daga cikinsu, Joshua Hart, a 1875.

Fitinar da ta fi girma kuwa daga cikin gida ta ɓullo. Wasu samarin Turawan mishan, cikinsu da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda suka sauka Lokoja da niyyar shiga ƙasar Hausa har suna sa riga da rawani, suka tsaya a kan cewa ma'aikatan Afirka ba su da tsarkin hali, kuma ba su cancanci jagoranci ba. Ba a ce babu mai laifi cikin waɗanda aka tuhuma ba, akwai. Amma a zaman kwamiti da aka yi a Onica a watan Agusta na 1890, sakataren mishan, F. N. Eden, ya dakatar da Dandeson daga aiki a gaban ubansa, tsoho mai shekara tamanin wanda shi ne bishop, kuma babu wata hujja da za ta wanke wannan rashin ladabi. Tsohon ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891, aka naɗa Bature a gurbinsa.

A nan ne Dandeson ya yi abin da ya sa ya cancanci a rubuta tarihinsa. Bai bar aƙidar Angilika ba, bai kuma kafa wata sabuwar ɗariƙa da sunansa ba, ko da yake da ya so da ya sami mabiya. Abin da ya yi shi ne, a Afrilu 1892 ya haɗa majami'un bakin teku suka yanke karɓar kuɗi da umarni daga ƙungiyar mishan ta Landan, suka riƙa biyan malamansu da gina makarantunsu daga aljihun fatake da masunta. Shekara biyar suna haka, har aka yi sulhu a 1897 bisa sharaɗin da ya bar musu ikon tafiyar da al'amuransu. A ganina wannan darasi ne na mulkin kai wanda ya riga na 'yan siyasa da shekara talatin, domin sai a 1923 ɗan 'yar'uwarsa Herbert ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya.

Dandeson bai zama bishop ba har ya bar aiki. Ya rasu a watan Janairu na 1938 yana da shekara 93, Herbert kuwa ya kamu da rashin lafiya a Kano a 1946, yana cikin rangadin jam'iyyar NCNC, aka mai da shi Ikko ya rasu a can.