Yoyon Baƙin Mai A Tiyon Filta: Jan Hankali Ga Masu Tsohuwar Motar Kaya

Wannan bayani ne domin magidantanmu na Whalley Range da kewaye masu neman abinci da tsohuwar motar kaya, musamman masu zirga-zirga tsakanin Manchester da Birmingham. A gida mun saba idan mota tana ɗigar da baƙin mai, sai a ajiye galan a bayan kujera, ana tafiya ana ƙarawa. To wannan dabara ba ta yi idan yoyon daga tiyon filta yake.

Dalili kuwa shi ne, a wasu motocin akwai tiyo biyu da ke kai mai daga inji zuwa filta ko na'urar sanyaya mai, su kuma dawo da shi. Man da ke cikinsu famfo ne ke turo shi da ƙarfi. Zafin inji yana busar da robar har ta tsage, gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi kuma yana cin bakin ƙarfen da tsatsa. Ɗigon yau yana iya zama fashewa gobe, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintoci, inji ya buga.

Abu na farko shi ne a gano inda man yake fitowa. A wanke wurin tas, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, a tayar da mota ta ɗan yi zafi, sannan a kashe a haska da tocila. A nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe, domin mai ƙasa yake gangarowa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe.

Idan daga gindin filta ne, galibi ko ba ta ɗauru ba, ko kuma tsohuwar robar ta manne a jikin inji lokacin juye, aka ɗora sabuwa a kanta. A cire tsohuwar, a shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaure filta da hannu. Idan kuwa daga tiyo ne, musamman inda roba ta haɗu da ƙarfe, to babu maganar naɗe shi da salatif ko robar tayar keke. A canza duka biyun tare da sababbin washa, tunda shekarunsu ɗaya. Idan noti ya ci tsatsa ya ƙi juyawa, gara a kai wa bakanike da a karya shi. Bayan an gama a duba geji, a cika mai, a sake tayarwa a tabbatar wurin ya bushe.

Haka kuma akwai batun doka. Tun daga 20 ga Mayu 2018 gwajin MOT yana duba yoyon da ke gurɓata muhalli, kuma idan mai ya taru a ƙasa ya wuce faɗin milimita 75 cikin minti 5, mota ta faɗi. Zuba tsohon mai a kwata laifi ne. A ɗura shi a jarka mai murfi, a kai cibiyar karɓar shara ta hukuma, amma a fara tambayar ƙa'idar shiga da motar kaya. Wanda gyaransa zai ci kuɗi da yawa ya tuna cewa tun 14 ga Yuni 2021 ƙaramar motar kaya mai dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba tana biyan fam 8 a kullum idan ta shiga tsakiyar Birmingham, sai ya yi lissafi ko motar ta cancanci kashe kuɗin.

Daga ƙarshe, idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a nemi wuri mai aminci a kashe inji nan take. Wasu sassan hanyar M6 ba su da gefen tsayawa, don haka a duba mota tun a ƙofar gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya kiyaye hanya, amin.