Gwanin Direba Ma Ɗan Koyo Ne A Kan Dusar Ƙanƙara

Ran Alhamis 11 ga watan Fabrairu na 2021, da misalin ƙarfe 6 na asuba, motoci wajen 130 suka yi karo da juna a kan wata babbar hanya a birnin Fort Worth, cikin Jihar Teksas ta Amurka. Ƙananan motoci da manyan tireloli suka riƙa zuwa suna afka wa na gabansu, har waɗansu suka hau kan waɗansu. Mutum 6 suka rasu, da dama kuma suka ji rauni. Abin da ya faru shi ne an yi yayyafi cikin tsananin sanyi, ruwan ya daskare a kan titi, ya zama kamar gilashi. Direbobi sun taka burki, amma motoci suka ƙi tsayawa.

Hukumar binciken haɗura ta Amurka ta bayyana a 2023 cewa masu kula da hanyar sun yi sakaci wajen lura da ita, kuma gudun da direbobi ke yi ya wuce abin da ya dace da irin wannan yanayi. Teksas dai ƙasar zafi ce a yawancin shekara, mutanenta ba su saba da ƙanƙara ba, tana kuma cikin jihohin da 'yan Nijeriya suka fi yawa a Amurka.

Wannan magana ta shafi masu karatu. A Agege da Idi-Araba da Obalande a Ikko, ko a Sabon Badun, ba wuya a sami wanda ɗansa ko ƙanensa ya tafi Ingila ko Kanada ko Amurka neman ilmi ko aiki, kuma da yawansu ba sa daɗewa sai su kama tuƙi, wani don zuwa makaranta, wani don neman abinci. Haɗarin ya fi yawa a kan wanda ya riga ya ƙware a gida, domin shi ne zai ga ba ya bukatar a koya masa. Alhali kuwa Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu.

Abin da ƙanƙara ke yi wa taya

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a jikinta bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. Ta wannan ɗan wuri ne totur da burki da sitiyari ke aiki. In taya ta kama titi, mota za ta bi umurnin direba. In ta rasa abin kamawa, to, komai ƙwarewarsa ya zama ɗan kallo.

Duk wanda ya bi hanyar Ikko zuwa Badun da damina ya san yadda kwalta ke santsi in ruwan farko ya sauka. To, na ƙanƙara ya ninka wannan. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna cewa motar da ke gudun mil 30 a awa, watau kilomita 48, tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya a kan busasshen titi. In titi ya jiƙe, nisan yakan ninka sau biyu. A kan ƙanƙara kuwa yana iya ninkawa har sau goma, watau mita 230, tsawon da ya fi filin ƙwallo biyu.

Wajibi ne baƙo ya bambance iri biyu. Akwai dusar ƙanƙara, fara mai laushi kamar auduga, wadda ido ke gani, mutum ya yi hattara. Akwai kuma wadda ake kira baƙar ƙanƙara, watau ruwan da ya daskare siriri a kan kwalta har ba a ganinsa, sai a zaci titi ya ɗan jiƙe ne kawai. Ita ce ta fi mugunta. An fi samunta da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, a inuwar itatuwa, da kuma kan gada. Gada takan riga sauran titi daskarewa, domin iska mai sanyi na ratsa ta sama da ƙasa. Wurin da haɗarin Fort Worth ya auku ma titi ne da aka ɗaga sama. Alamar da direba zai gane ta ita ce in ya ji ƙarar taya ta ɗauke, sitiyari kuma ya yi sakayau a hannunsa.

Shirin mota kafin a fita

Rigakafi ya fi magani. Abu na farko shi ne taya. Robar tayar da aka yi don lokacin zafi takan taurare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyos, sai ta rage kama titi. Saboda haka ake da tayar hunturu, mai roba mai laushi da zane mai zurfi, wadda ake ganewa da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a gefenta. A lardin Kwibek na Kanada doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus doka ta tilasta ta duk lokacin da akwai ƙanƙara a hanya. A Ingila ba tilas ba ne, amma mai hali ya saya. In za a sa, a sa duka huɗu, domin biyu kaɗai sukan sa mota ta juya.

Na biyu shi ne lagireto. Al'adar cika shi da ruwan famfo zalla, kamar yadda aka saba a tashoshin Nijeriya, tana iya halaka inji a dare guda, domin ruwa in ya daskare yakan kumbura, ya fasa abin da ke riƙe da shi. Sai an zuba ruwan musamman mai hana daskarewa. Haka ma ruwan wanke gilashi, akwai na hunturu. Batir kuma a gwada shi tun kafin sanyi ya kankama, domin sanyi na rage masa ƙarfi, tsohon batir kuwa shi ne kan fara mutuwa. Kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki.

Da safe mutum yakan tarar da motarsa a lulluɓe. Kada ya yi ganganci ya kwara ruwan zafi a gilashi, yana iya tsagewa. Akwai abin kankarewa na roba da burushi da ake sayarwa don wannan aiki. A share gilasai duka, da madubai, da fitilu, da lambar mota, har da rufi. Wadda aka bari a rufi takan zamo ta rufe gilashin gaba da zarar an taka burki, ko ta tashi ta faɗa wa na baya. A but kuwa a ajiye bargo, da shebur, da tocilan, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa kamar dabino ko biskit, da abin cajin waya.

Tashi da tafiya da tsayawa

Dokar tuƙi a kan ƙanƙara guda ɗaya ce: komai a yi shi a hankali. Totur a hankali, burki a hankali, sitiyari a hankali. Duk abin da aka yi da fizga, taya za ta saki titi.

Mai mota mai giyar hannu ya tashi da giya ta biyu maimakon ta ɗaya, ya saki kuloci sannu, don kada taya ta yi ta juyawa a wuri guda. In ta fara juyawa a banza, ƙara wuta ba ya fid da ita, sai dai ya goge wurin ya ƙara santsi. Da an hau hanya, a sami wuri miƙaƙƙe da babu kowa, a ɗan taɓa burki don a ji yadda titi yake a ranar.

A bar tazara mai yawa tsakanin mota da ta gaba. Ɗabi'ar manne wa mota a baya, da kutse, da wuce mota a kan kwana, waɗanda cunkoson Ikko ya koya wa mutane, duk a ajiye su a gida. In za a sha kwana, a rage gudu tun mota na miƙe, kada a taka burki a tsakiyar kwana. In za a hau tudu, a jira na gaba ya yi nisa, a hau da gudu daidai ba tare da tsayawa a tsakiya ba, domin wanda ya tsaya da wuya ya sake tashi. A gangare kuwa a sa ƙaramar giya tun daga sama, a bar inji ya riƙe mota.

Yawancin motocin zamani suna da burkin da ake kira ABS, mai hana taya cijewa. In tsayawar gaggawa ta kama, a taka shi da ƙarfi a riƙe, a ci gaba da sarrafa sitiyari. Direba zai ji burkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa yana ƙara. Aikinsa ke nan, kada ya tsorata ya ɗage ƙafa. Tsohuwar mota marar wannan na'ura ita ce ake taka wa burki ana saki, ana takawa ana saki. Har ila yau, a kashe na'urar da ke riƙe gudun mota da kanta. Masu jif mai jan taya huɗu su ma su lura: tana taimakawa wajen tashi, amma wajen tsayawa ba ta fi sauran motoci ba.

Game da gani, dusar ƙanƙara in tana zuba da iska takan rufe hanya kamar hazon hunturu mai kauri a Arewa. A kunna ƙaramar fitila ko da rana. Babbar fitila mai haska nesa takan dawo wa direba da hasken a ido. A tuna kuma rana gajeriya ce, domin a Landan cikin Disamba takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma.

In mota ta ƙwace

Ko an kiyaye duk wannan, wata rana mota za ta zame. Abin da jiki ke ba mutum a lokacin shi ne ya danne burki ya fizgi sitiyari, kuma su ne abubuwa biyu da ke ƙara dagula al'amari. Abin yi shi ne a ɗage ƙafa daga totur. In bayan mota ne ya zame zuwa dama, a karkata sitiyari dama a hankali; in hagu ne, hagu. In gaba ne ya ƙi shan kwana, a rage murɗa sitiyari har taya ta sake kamawa. Direba ya kafa idonsa inda yake so mota ta bi, kada ya tsura wa itace ko motar da yake tsoron bugawa ido, domin hannu yakan bi ido.

Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan. Ya kamata baƙo ya sami wanda ya daɗe a ƙasar, ko malamin tuƙi, su tafi fili marar motoci inda aka yarda, ya gwada tashi da burki a ƙaramin gudu, har ƙafarsa ta saba.

In mota ta maƙale

A daren 7 ga Janairu na 2022, dubban motoci suka maƙale a hanyar Murree, wani gari a kan duwatsu kusa da Islamabad a Pakistan. Yawancinsu 'yan yawon buɗe ido ne da suka hau da iyalansu don kallon dusar ƙanƙara. Kafin gari ya waye mutane fiye da 20 sun rasu a cikin motocinsu, har da yara. Waɗansu sanyi ne ya kashe su, waɗansu kuwa hayaƙin inji. Sun rufe gilasai sun bar inji na aiki don su ji ɗumi, ƙanƙara ta toshe bakin salansa, hayaƙi ya koma cikin mota. Iskar gubar da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai wadda ke hallaka iyali a nan gida in an kwana da janareta a cikin ɗaki.

Saboda haka wanda ya maƙale ya zauna cikin motarsa, kada ya kama tafiya a ƙasa cikin guguwa, sai fa in yana hango gida kusa. Ya buga waya ya faɗi inda yake. Ya fita ya share bakin salansa da shebur, ya riƙa kunna inji na minti goma a kowace awa, ya ɗan sassauta gilashi don iska ta shiga. Ya ɗaura ƙyalle mai launi a jikin mota don masu ceto su gan shi. In suna da yawa, kada su yi barci gaba ɗaya.

Abin da ya fi duka shi ne a saurari rahoton yanayi kafin a fita. Ranar da hukuma ta ce a zauna a gida, a zauna, ko a shiga jirgin ƙasa ko bas. Uzurin latti ana karɓarsa a makaranta da wurin aiki a irin wannan rana. Iyaye da 'yan'uwa da ke waya da nasu a waje su riƙa tuna musu da wannan, su kuma tambaye su ko sun sa tayar hunturu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya kiyaye hanya.