Tafiyar Ma'ana a Sunayen Ɗakuna: Kalmar "Aula" da Takwarorinta na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa sunan ɗaki yakan bi aikin da ake yi a cikinsa, har ya bar ginin a baya. Za mu ɗauki misali ɗaya daga harsunan Turai, sa'an nan mu dawo gida.

2.0 Aula a Harsunan Turai

Latin ya aro kalmar "aula" daga Girkanci, inda take nufin tsakar gida. A bakin Rumawa ta zama fadar sarki, har da fadawan da ke cikinta. Da ta shiga makarantu sai ma'anarta ta rarrabu. A Jamus da Holan tana nufin babban ɗakin taro na jami'a ko makaranta. A Sifen da Italiya aji ne na karatu. Mutanen Fotugal da Barazil kuwa darasin kansa suke kira "aula", ko da a gindin bishiya aka ba da shi.

3.0 Zaure da Fada

Hausa ma ta bi wannan hanya. A Tozai, cikin ƙasar Illela, kamar sauran garuruwan ƙasar Sakkwato, zaure shi ne ɗakin shiga gida, inda maigida ke karɓar baƙi. Saboda a nan malamai ke zama su biya wa manyan ɗalibai littattafan fiƙihu da nahawu, sai aka sami "makarantar zaure", wadda Kanawa kan ce "makarantar soro". Daga bisani kalmar ta kai ga "zauren majalisa", inda wakilai ke muhawara.

Haka nan "fada". Wanda ya ƙetara iyaka daga Illela zuwa Birnin Ƙonni zai ji samarin Nijar suna kiran dandalinsu na hira da shan shayi "fada", alhali babu sarki a wurin. Wannan ma'ana ta bazu ne tun shekarun 1990. A ɓangaren Nijeriya "majalisa" ake cewa.

4.0 Kammalawa

Abin lura ga masu fassara da ƙirƙirar kalmomin koyarwa shi ne, kafin mu ari kalmar Ingilishi don ɗakin lacca, mu duba abin da ke hannu. "Zauren karatu" ya wadatar, domin tun da daɗewa Bahaushe ya san zaure da ilmi. In muka bar shi, ɗalibanmu za su tashi suna zaton ilmi baƙo ne a gidajensu.