Dishi-Dishi Iri-Iri Ne: Kalmomin Turanci Da Ke Cinye Mana Maki

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin takardun jarrabawar Turanci na WAEC, NECO ko JAMB ya san sashen nan da ake ja layi a ƙarƙashin kalma, a ce a zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Sau da yawa zaɓuɓɓukan duk kamarsu ɗaya, kuma a nan maki ke zubewa. Cikin kalmomin da suka fi ɗana mana wannan tarko akwai na abin da bai fito sarai ba, irin su blur, smudge, haze, fade da obscure. Mu da Hausa muna iya cewa "dishi-dishi" ko "ya dusashe" mu wuce. Turanci kuwa sai ya tsare mu da tambaya: me ya hana a gani? Wanda ya amsa wannan tambayar ya samu kalmarsa.

Idan hannu ne ya ɓata

Mu yi rubutu da biro, kafin tawadar ta bushe gefen hannu ya goge ta: wannan shi ne smudge. Haka kwallin yarinyar da ta yi kuka ta murje ido. Ba ƙaramin abu ba ne, domin na'ura ce ke duba takardar canki-canka, kuma gogewar fensirin da ba ta fita tas ba tana iya sa a ga kamar amsa biyu muka zaɓa. Ko a ranar zaɓe, ƙuri'ar da tawadar dangwalenta ta ɓata gidan wata jam'iyya tana iya lalacewa.

Smear ya fi smudge faɗi. Shafa abu ne mai maiƙo ko danƙo, kamar manja a riga ko laka a bango. A ɗakin gwajin asibiti, ɗigon jinin da ake shimfiɗawa a kan gilashi don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro sunansa blood smear. Idan kuma muka ji smear campaign a labarai, to shafa wa mutum kashin kaji ake nufi. Blot kuwa ɗigon tawada ne da ya zubo daga alƙalami ya bazu wuri guda.

Idan ido ne ko motsi

Blur ba datti ba ne. Abin yana nan lafiya lau, gefe-gefensa ne suka narke a ido. Hoton da muka ɗauka hannu na rawa blurred ne, haka bishiyoyin da muke hangowa ta tagar mota mai gudu. Gidajen talabijin kan yi blur ɗin fuskar ƙaramin yaro da gangan don kare shi. A kula da rubutun kalmar: ana ninka harafin ƙarshe, blurred da blurring. Wanda kuma rubutun allo ke yi wa dishi-dishi daga bayan aji, ya gaya wa iyayensa a je a gwada masa ido, kada ya zauna shiru ana tsammanin rashin ƙoƙari ne.

Idan iska ce

Nan ne muka fi tuntuɓe a insha'i. Da yawanmu kan rubuta fog idan za mu siffanta safiyar hunturu, alhali fog da mist tururin ruwa ne da ke rataye a iska. Masana yanayi sun raba su da ma'auni: idan ba a iya hangen abin da ya kai nisan kilomita 1, fog ne, idan ana hangen fiye da haka, mist ne. Hazonmu na hunturu busasshiyar ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Sunansa haze, kuma shi ne ke hana jirage sauka a Kano wasu ranaku na Disamba da Janairu.

Akwai kuma smog, wadda aka ƙera daga smoke da fog. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da fog ya lulluɓe birnin Landan kwana 5, mutane aƙalla 4,000 suka mutu. Wannan ne ya kai Birtaniya ga kafa dokar tsaftace iska a 1956.

Idan lokaci ne ko shamaki

Yunifom ɗin da rana da wanki suka koɗar da launinsa ya yi fade. Sauti ma yana fade idan yana nisa a hankali har ya ɓace. Dim na haske ne, kamar tocilan da batirinta ya yi sanyi. Obscure ta fito daga Latin, inda take nufin duhu, kuma tana da fuska biyu. A matsayin aikatau, wani abu ne ya tare wani, kamar gajimare ya rufe jinjirin watan Sallah. A matsayin sifa, an obscure village ƙauye ne da ba a san shi ba. Masu shirya jarrabawa suna son wannan ma'ana ta biyu, kuma kishiyarta famous ce.

Idan magana ce

Amsar da ba ta da takamaimai, irin "sai dai wani lokaci", vague ce. Ambiguous kuwa magana ce mai harshen damo. A duba wannan jimla: Musa told Sani that he had passed. Wa ya ci jarrabawar, Musa ko Sani? Garble saƙo ne da ya hargitse a hanya, kamar kiran waya a wurin da sabis ba ƙarfi. Asalinta Larabci ne, gharbala, wato tankaɗe da rariya, kuma ta shiga Turanci ta hanyar fataken kayan yaji. Obfuscate ita ce mafi nauyi, domin akwai niyya a cikinta: mutum ya san gaskiya amma ya dagula bayani don kada a gane.

Ku gwada kanku

A cike gurbi da kalma mafi dacewa daga cikin waɗanda muka kawo:

1. The curtains have ____ in the sun.
2. Wet ink will ____ if you touch it.
3. Harmattan ____ delayed our flight.
4. Tears ____ her vision.
5. A tall lorry ____ the road sign.

Kafin a cike kowane gurbi, a fara tambayar me ya hana a gani. In an gama a kai wa malamin Turanci ya duba, sannan kowa ya ƙirƙiro jimlolinsa biyar da sauran kalmomin. Allah ya ba mu sa'a.